Yaya zan sa wa kayan gidana farashi a kasuwar but ɗin mota?

Maman Nabila, Anguwar Rogo:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar masana ciniki a cikinku, musamman waɗanda suka taɓa sayar da kayan da aka riga aka yi amfani da su. Ƙungiyar iyayen yara ta makarantar da 'ya'yana suke karatu ta shirya kasuwa ta yini ɗaya a filin makarantar, ranar Asabar ta ƙarshen Nuwamba, inda kowa zai zo da motarsa, ya buɗe but, ya baje kayan gidan da ya daina buƙata, ya sayar. An ce al'adar daga Ingila ta samo asali, mu dai a nan kasuwar but ɗin mota muke ce mata. Kowace mota za ta biya naira 5,000 kuɗin fili, za a buɗe ƙofa da ƙarfe tara na safe, a tashi bayan la'asar.

Dalilin shigata shi ne an yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Abuja, kuma gidan da muka samu a Kubwa ɗaki biyu ne da falo, alhali a nan mun shekara goma sha huɗu a gida mai faɗi muna tara kaya. Da muka tambayi kuɗin motar da za ta kwashe mana komai daga Jos, sai muka ga wasu kayan kuɗin ɗaukarsu ya fi darajarsu, ga shi ko an kai su babu inda za a ajiye. Akwai rigunan sanyi da takalman yara da suka yi musu kaɗan, kusan buhu biyu. Akwai injin markaɗe na lantarki da na saya naira 12,000 a 2019, da ƙaramin janareto, da tukunyar gas mai cin kilo shida, da tsohuwar wayata, da littattafan firamare. Akwai kuloli da tangaran na kayan aurena waɗanda ko sau ɗaya ban zuba abinci a cikinsu ba, da atamfofi ɗinkakku, da turmi uku na Holan da ban taɓa sa musu almakashi ba. Sai kuma keken ɗinki samfurin Butterfly, na mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, wanda har yanzu ban yanke shawara a kansa ba.

Ni malamar makaranta ce, ban taɓa sayar da ko allura ba, kuma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne daga inda zan fara lissafi. Idan na bi kuɗin da na saya, injin markaɗen bai kamata ya wuce naira 5,000 ba, amma na san da wannan kuɗin yau ko kofinsa ba zan samu ba. Idan kuma na bi farashin yau, ina tsoron a ce na tsauwala, in wuni a rana in koma gida da kayana, ga kuɗin fili ya tafi. Shin in rubuta farashi a jikin kowane kaya, ko in bari a taya? Kuma yaya zan yi da maƙwabta da iyayen ɗalibaina, waɗanda na san za su zo, kuma ina jin nauyin in ce musu albarka? Allah ya saka da alheri ga duk wanda ya taimaka.

Mai Gwanjo na Katako:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan mahaifiya, ya sa ƙaurar nan alheri ce. Na fi shekara ashirin ina buɗe dila a Katako, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne ki ajiye rasit ɗin 2019 a gefe, domin nairar da kika saya da ita ba ita ce a hannun mutane yau ba. Kafin a cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, a kuma saki naira a watan da ya biyo baya, dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, amma a 2024 sai da ta haura 1,500. Mu masu gwanjo tun rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 muka fara jin jiki, saboda yawancin dilolinmu ta Kwatano suke biyowa. Wanda zai tsaya gaban motarki bai san abin da kika biya ba, bai kuma damu ya sani ba. Abin da yake aunawa a ransa shi ne nawa zai kashe idan ya bar ki ya tafi kasuwa.

Saboda haka, kafin ranar, ki ware yini guda ki zaga. Ki bi shagunan Ahmadu Bello Way da kewayen Terminus ki tambayi farashin sabon kowane kaya mai nauyi, kamar mai niyyar saya, ki taya har ki ji inda mai shago zai sallama, domin kuɗin sallamar shi ne farashin gaskiya. Daga nan ki zo wajenmu a Katako ki ga yadda muke sayar da rigunan sanyin yara, ki leƙa Dilimi ki ji kuɗin na hannu. Na ƙarshe, ki tambayi 'yan gwangwan nawa suke sayen kilon ƙarfe da na alminiyon, saboda duk abin da aka taya miki ƙasa da kuɗin nauyinsa, gara ki ba su a ƙofar gida ba tare da kin ƙona mai ba.

Farashinki dole ya zauna ƙasa da namu, kuma kada wannan ya ɓata miki rai. Ni ina da rumfa, gobe ina nan, jibi ina nan, idan mai saye ya ga matsala zai dawo ya same ni, idan kuma ban sayar yau ba zan naɗe kayana in jira sati mai zuwa. Ke yini ɗaya gare ki, kuma kowa a filin ya san tashi za ki yi. A aikina, kayan wuta mai lafiya da tsafta nakan sa shi tsakanin kashi ɗaya bisa uku da rabin kuɗin sabonsa na yau. A ce kin tambaya an sallama miki sabon injin markaɗe irin naki a naira 40,000. Ki fara da 18,000, ki ƙudurta a ranki cewa 14,000 za ki sallama da safe, idan kuma an yi azahar yana nan, wanda ya miƙo 12,000 ki karɓa. Kada ki ji kamar kin ci haram don kin mayar da adadin da kika biya, domin 12,000 ta yau ba za ta sayi rabin abin da ta 2019 ta saya ba.

Kowane kaya mai daraja ya zama yana da lamba biyu, ta baki da ta zuci. Ta zucin ki rubuta ta a ƙaramin littafi tun a gida, lokacin da hankalinki yake kwance, saboda a tsakiyar hayaniya, mutum biyar suna magana a kanki lokaci guda, sabon shiga yakan sallama abin da zai kwana yana nadama. Tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce kashi ɗaya bisa huɗu, ko bisa uku idan ta yi yawa. Idan kika ninka kuɗi biyu da sunan barin wurin ragi, mai hankali ba zai ma taya ba, wucewa zai yi. Idan an yi miki tayin wulaƙanci kuwa, ki ce albarka da sakin fuska, ki ƙara da cewa a ɗan ƙara. Kalmar nan ba zagi ba ce, kowa a kasuwa da ita ya tashi.

Rigunan sanyi su ne arzikinki a wannan rana. Ƙarshen Nuwamba hunturu ya shigo Jos, iyaye suna neman abin da za su rufa wa yara kafin sanyin Disamba da Janairu, maƙwabtanmu Kirista suna haɗa kayan Kirsimeti, ga kuma ƙarshen wata ma'aikata sun fara ganin albashi. Irin wannan kaya a Afrilu ko kyauta kika bayar sai an yi miki yanga. Ki yi musu yadda muke yi wa dila: ki fitar da zaɓen farko, waɗanda ba su koɗe ba, zif da maɓallansu lafiya, ki wanke, ki goge, ki rataye, kowace da kuɗinta. Sauran ki tara su a tabarma ki yi musu kuɗi ɗaya, dubu-dubu ko ɗari biyar-biyar, wanda ya ɗauki biyar ki yi masa gyaran ɗaya. Rigar da aka rataye a goge takan yi kuɗin biyu na wadda aka cakuɗa a buhu, ko da daga jikin yaro ɗaya suka fito.

Game da keken ɗinki, shawarata ita ce duk kayan da kika kasa faɗin kuɗinsa ba tare da ƙirjinki ya yi nauyi ba, kada ki sa shi a but. A kasuwa za a ƙwanƙwasa shi, a kushe shi, a ce ya tsufa, duk don a rage kuɗi, kuma ke za ki ji kamar mahaifiyarki ake taɓawa.

Umman Khalil, Rayfield:

'Yar'uwa, Alhaji Mai Gwanjo ya gama magana a kan lissafi, ni kuwa zan ƙara abin da na gani da idona. Na yi shekara uku a Ingila lokacin da maigidana yake karatu, kuma kusan duk kayan girkinmu da kayan wasan yara a irin wannan kasuwa muka saye su. A can safiyar Asabar ko Lahadi ake yi, a filin ciyawa ko wurin ajiye motoci na makaranta, kuma za ki ga littafi ko rigar yaro fam ɗaya, wani lokaci ƙasa da haka. Dalili shi ne mai sayarwa so yake ya rabu da kayan, sabo yana da sauƙin samu, gyara kuwa tsada gare shi. Ina faɗin wannan ne domin idan kika bincika a intanet, yawancin shawarwarin da za ki gani daga can suke, za su ce ki karyar da kaya ƙwarai. A Jos muna da masu gyaran komai, kayan hannu mai ƙwari yana da masu nema, don haka kada ki ɗauki ma'aunin can ki auna kayanki da shi.

Abu ɗaya da na ga iri ɗaya ne a can da nan shi ne masu sari. A Ingila tun kafin gari ya waye suke zagaye mota da tocila, mutum bai gama kashe inji ba sun fara ɗaga kayansa. Da aka yi irin wannan kasuwa a unguwarmu bara, haka dillalai suka yi mini, suka kewaye but ɗin kafin in shimfiɗa tabarma, wani ya yi wa kulolina huɗu kuɗin goro, na sallama cikin ruɗewa, kafin azahar kuma na gan su a ɗaya gefen filin ana sayar da su kusan ninki biyu. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa ce, amma da na shirya da ribar ta zauna a hannuna. Ki rufe but har sai kin kafa teburi, ki riƙa fito da kaya kaɗan-kaɗan, kuma a sa'a ta farko kada ki sauka daga kuɗin bakinki sai kaɗan. Duk wanda ya matsa miki lamba da sassafe a kan wani kaya, ya nuna miki cewa kayan yana da daraja.

A kan rubuta farashi, ina ganin ki rubuta, tunda kin ce kina da kunya. Ki manna salatif na takarda a jikin kaya ki rubuta da babban baƙi. Mutanenmu za su taya duk da haka, amma rubutun yakan sa tayi ya fara daga kusa, kuma akwai mata da yawa masu jin nauyin tambayar kuɗi don tsoron kada ya fi ƙarfinsu a gaban jama'a. Kowane farashi ya ƙare da 500 ko 1,000, saboda canjin naira hamsin da ɗari zai wahalar da ke. Ki tanadi canji na kamar 10,000 a 'yan ɗari biyu da ɗari biyar, ki sa a jakar da ke rataye a jikinki, ki zo da leda mai yawa, ki kuma zo da mutum ɗaya babba wanda aikinsa kawai sa ido. Littattafan firamare kada ki sa rai da su sosai, domin makarantu suna yawan canja bugu, wanda aka yi rubutu a ciki kuwa ba mai saya. Ki ɗaure su aji-aji ki yi musu kuɗi ɗaya.

Kada ki manta da kuɗin fili da na mai da na abincin rana. Idan duka sun kama 12,000, to sai kin sayar da na 12,000 kafin ki fara ƙirga naki.

Hajiya Babba, Gangare:

'Yata, ni dillanci na gada wajen uwata, na kuma yi shi shekaru kafin ƙafa ta hana ni yawo, saboda haka bari in yi miki maganar zannuwa. Turmin Holan da ba a yanka ba ajiya ce, ba a haɗa shi da kayan gwanjo. Idan kin adana shi da kyau, bai sha rana ba, ƙwaro bai taɓa shi ba, tambarinsa yana jiki, kusan kuɗin na shago zai yi, wani tsohon zanen ma da aka daina bugawa sai an fi nemansa. Wadda ta zo filin makaranta da 'yan dubbanta don sayen rigar sanyi ba ita ce mai sayen Holan ba. Ki ba dillaliya amintacciya ta kai gidajen da ake haɗa lefe, ku yi magana a kan la'adarta tun farko, a fili, kafin kaya ya bar hannunki. Haka tangaran da kulolin da ba a taɓa amfani da su ba, idan saitin ya cika kuma kwalinsu yana nan, masu haɗa kayan ɗaki za su ba ki abin da filin nan ba zai ba ki ba. Idan akwai zinariya a cikin abin da kike son rabuwa da shi, ita awo ake yi mata da giram a wajen masu sayar da ita, kada ma ta kusanci but.

Ɗinkakkiyar atamfa kuwa labarinta daban ne, kuma a nan mata suke yawan jin ciwo. Kin sayi zane da tsada, kin biya tela, wataƙila har da aikin dutse, amma duk kuɗin ɗinkin nan ya tafi, domin a jikinki aka auna. Mai saye tana lissafin abin da za ta ba tela ya rage ko ya buɗa. Zani da ɗankwali sun fi riga saurin tafiya saboda ba su da awo, doguwar riga mai walwala ta fi mai kama jiki. Kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin sabon turmin, idan kin samu, ki gode wa Allah.

Kunyar da kike ji na san ta, ita ce ma ta haifar da sana'armu, domin mace ba ta so a san ita ce mai kaya, kada a ce gidanta ya karye. Ke dalilinki a bayyane yake, ƙaura za ki yi, ki faɗe shi da bakinki ga duk wanda ya tsaya. Maƙwabta da dangi kuwa ki sallame su tun kafin ranar. Ki zaɓi abin da kike son ba kowa ki aika masa gida a matsayin sallama, sai ya zama a fili ba wanda zai ce kin manta da shi. Wanda ya zo filin ya taya, ki rage masa kaɗan fiye da baƙo, ki ce don zumunci ne. Amma bashi kada ki bayar ko na naira ɗari biyar, domin daga Kubwa ba za ki zo Anguwar Rogo bin kuɗin kula ba, kuma bashin da aka kasa tambaya shi yake kashe gaisuwa. Idan kin ga mutum yana so ba shi da hali, kuma zuciyarki ta ba ki, ki ba shi kyauta ki huta.

Mai Gyaran Wuta, Dilimi:

Hajiya Malama, a fannina farashin kayan wuta yana rataye ne a kan gwaji. Injin da aka kunna mai saye ya ji ƙararsa, da wanda aka ce masa wallahi yana aiki, kuɗinsu ba ɗaya ba ne, saboda na biyun mutum yana cire kuɗin gyaran da yake tsoro. Tunda kina da janareto, ki kai shi a canja masa baƙin mai da fulogi, a wanke kafireto, ki zuba masa lita ɗaya, ki tafi da soket mai dogon waya. Zai sayar da kansa idan ya tashi a ja ɗaya ko biyu, kuma da shi za ki gwada injin markaɗen a gaban mai saye. Sai dai ki ajiye shi nesa da tufafi da yara, kuma ki nemi izinin masu shirya kasuwar tukuna. Kuɗin wannan ɗan gyaran yakan dawo da riba, amma babban gyara irin na naɗin koyil kada ki yi, ki sayar a yadda yake ki faɗi matsalar.

Tukunyar gas ki tafi da ita babu gas a ciki, kada ta zauna a rufaffen but cikin rana. Ki duba ƙasanta, idan tsatsa ta ci ta ko kan yana yoyo, kada ki sayar wa kowa don girki ko da an roƙe ki, wannan maganar rai ce. Waya kuma ki kwashe hotunanki da lambobinki, ki fita daga asusunki na Google da WhatsApp da manhajar banki, ki cire layi da katin ajiya, sannan a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Idan kwalinta ko rasit yana nan ki haɗa, yana ƙara mata kuɗi, domin mai saye yana tsoron wayar sata.

Duk aibin da kika sani ki faɗa kafin a yi ciniki. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Bayan haka, na lura a shagona cewa idan na nuna aibi da kaina, mai saye yakan daina laluben wani, tayinsa ma ya fi kyau. Idan batirin wayar yana saurin sauka, ki rubuta a jikin salatif ɗin tare da kuɗin.

Yawancin manyan kayan da taransifa za a biya ki. Kada ki yarda da saƙon tes ko hoton da aka nuna miki a wayar mai saye, ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin ya zauna kafin kaya ya bar wurin, ko da wanda ya saya ya nuna yana sauri.

Baba Malam, Bauchi Road:

'Yata, ban ƙi shawarwarin da aka ba ki ba, amma akwai inda na saɓa da su. A tasowarmu kayan yaro idan ya yi masa kaɗan kwance ake yi, a ba ɗan ƙane ko ɗan maƙwabci, ba a kai shi kasuwa. Sanyin garin nan kin san shi, kin kuma san yaran da suke kwana a soraye da riga ɗaya. Janareto da injin markaɗe ki sayar, halalinki ne, ƙaura tana cin kuɗi. Amma tarin tabarmar nan da Alhaji ya ce a yi wa ɗari biyar-biyar, ina roƙonki ki lissafa nawa zai kawo gaba ɗaya, ki duba ko kina iya haƙura da shi. Kuma idan za ki bayar, ki ware tun kafin kasuwa, kada ya zama sai abin da kowa ya ƙi.

Maman Nabila, Anguwar Rogo:

Na gode ƙwarai, iyayena da 'yan'uwana, Allah ya saka muku da alheri. Na dakata da amsa ne har in yi zagayen da Alhaji ya ce, jiya kuma na yi shi. Sabon injin markaɗe irin nawa an sallama mini shi a kuɗin da ya fi ninki uku na abin da na biya, don haka na rubuta 17,000 a jikinsa, na rubuta ta zucin a littafi. A Katako na tsaya wajen masu rigunan sanyi na kusan sa'a guda ina kallon yadda ake tayi, na kuma gane cewa da na bi son raina da na sa wa zaɓen farkon rabin abin da ya kamata. Janareto yana wajen mai gyara. Tukunyar gas da na kifa ta na tarar tsatsa ta ci gindinta sosai, saboda haka ta fita daga lissafi, 'yan gwangwan za su ɗauka.

Baba Malam, na yi lissafin da kuka ce. Tarin tabarmar riga talatin da ɗaya ne, ko duka aka saye bai fi 15,500 ba. Na cire ashirin masu kauri, na haɗa da huɗu daga cikin zaɓen farko, maigidana zai kai wa malamin tsangayar bayan layinmu ranar Juma'a. Sauran zan tafi da su, domin na san iyaye a makarantarmu waɗanda ba za su karɓi kyauta daga hannuna ba, amma za su saya a ɗari biyar da mutuncinsu.

Hajiya Babba, turamen Holan da saitin tangaran na ware su, kuma ƙanwar maigidana ta haɗa ni da dillaliyar da ta yi mata hidimar lefen ɗanta. Ta ce in faɗi kuɗin da nake so, duk abin da ta samu a sama nata ne. Ni kuwa na fi natsuwa da a yanka la'ada sananniya a kan kowane turmi, kamar yadda kuka ce a yi magana a fili. Wanne ne ya fi zama al'ada a garin nan, kuma idan yankawa za a yi, nawa ya dace in ba ta a kan turmi ɗaya? Gobe da yamma za ta zo ganin kayan.

Keken ɗinkin na auna shi da igiya, na aika wa maigidana awon, ya ce zai shiga lungun da ke tsakanin taga da ƙofar ɗakin yara. Nabila ta ce tana so ta koya.